Ungulu Ta Yi wa Shaho Jagora Zuwa Faraku

Tun da na dawo daga Faraku ban sha shayi da daɗin rai a fadarmu ba. Da na kai kofi baki sai wani ya ce, "Kapiten, wai da gaske kai da Kolonel kuka shiga mota ɗaya, kuma kowa ya fito da ransa?" Na ba da labarin guntu-guntu har bakina ya gaji, kowa kuma in ya kai shi gida sai ya ƙara masa gishiri. Jiya har na ji ana cewa wai goya shi na yi muka ƙetare kogi. To ga yadda aka yi, don a bar ni in sha shayina.

Ga wanda bai san mu ba, ni ne Hamidu, haifaffen Gaya. Na yi aikin sojan sama ina tuƙa jirgi mai saukar ungulu har na yi ritaya, yanzu ina sayar da kayan gyaran kamiyo, manyan motocin kaya, kusa da tasha. Kolonel Mamman kuwa mijin yayata ne, Hajiya Ramatu. Shi ma matuƙi ne, amma na jirgi mai fiffike, manyan nan masu ɗaukar kaya. Ka ga an haɗa wasa biyu a tukunya ɗaya: wasan mijin ya da ƙanen mata, da tsohuwar gabar masu fiffike da masu farfela, wadda ko a makarantar tuƙi da furfurarta muka tarar da ita.

Tun ranar da ya ji sashen da aka tura ni ya raɗa mini suna Ungulu, shi kuma ya naɗa kansa Shaho. A cewarsa jirginmu ba tashi yake ba, iska yake ta duka kamar mai sussukar gero, har ta gaji ta ɗauke shi don ta huta. Wai farfelar da ke kanmu fanka ce ta sanyaya matuƙi, shaida kuwa, da zarar ta tsaya sai ka ga gumi ya karyo masa. Ni kuma ina ce masa direban kar ɗin fasinja ne aka liƙa wa fiffike. Sai an share masa fili, an daɓe, an jera fitilu, an ɗora mutum a kan hasumiya yana lallashinsa, sannan ya iya sauka. Mu kuwa shimfiɗar tabarma ta ishe mu.

Sai ga yanar ido ta kama Shaho. Ta fara da dama, ta koma hagu. Ya ɓoye iya ɓoyewa: ya sayi baƙin tabarau, ya ajiye tuƙin mota wai hanyoyin Gaya ba su kai matsayinsa ba, ya koma gane mutane da murya. Asiri ya tonu ranar da ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi wa buhun albasa doguwar gaisuwa, har da tambayar iyali, yana zaton liman ne a zaune.

Yaya ta ce sai Yamai. Ya ce sai dai a kai gawarsa. A Yamai akwai yaran da ya koya wa tuƙi, yanzu sun zama manya, ba zai yarda su ga ana jan sa da hannu ba. Da aka ba shi labarin wani asibitin ido a Faraku, cikin ƙasar Benin, inda ba wanda ya san shi, sai ya ce zai duba. Ƴaƴansu duk suna nesa, don haka Yaya ta aika a kira ni.

Ta ce, "Hamidu, kai za ka kai shi."

Na ce, "Yaya, kashe juna za mu yi a hanya."

Ta ce, "Ku bari sai an gama aikin, sannan ku kashe junan."

Kolonel, daga kan kujerarsa, yana fuskantar inda ba ni ba, ya ce, "Ba raka ni zai yi ba. Mai ɗaukar jaka nake buƙata."

Kun dai san gadar kan iyaka a rufe take, kowa ta ruwa yake bi. Da hantsi kabu-kabu suka sauke mu a bakin kogi. Matuƙa biyu, waɗanda babu kusurwar sararin ƙasar nan da ba mu keta ba, ga mu tsugune a kwale-kwale tsakanin buhunan albasa, da babur a kwance, da wata akuya da ta ɗauki gefen rigar Kolonel a matsayin karin kumallo.

Kolonel ya ɗaga murya ya ce, "Kai mai jirgi, an auna nauyin kayan nan?"

Mai jirgin, wani Dendi mai faɗin ƙirji, ya ce, "An auna, Baba. In ruwa ya fara shigowa, to ya yi yawa."

Kolonel ya juyo ya ce mini, "Ka ji ɗan'uwanka. Makaranta ɗaya kuka yi."

Da muka kusa gaɓar Malanbil na miƙa masa hannu, ya doke shi. Yana jin an kashe inji ya ɗauka an iso, ya miƙe da ƙasaita ya zura ƙafa waje. Sai cikin laka, har gwiwa, da farar shaddarsa da Yaya ta sa aka yi wa guga. Mata suka yi salati, akuya ta yi kuka don an ƙwace mata abinci. Na dira na kamo shi.

Na ce, "Lafiya, Kolonel? Filin saukar ne ya yi gajarta?"

Ya ce, "Hasumiya ce ta yi barci. Kana gani, ba ka yi magana ba."

Daga nan dai ya ɗora hannunsa a kafaɗata, bai ƙara saukewa ba. Ya ce don kada in ɓata ne a cikin taro.

A rumfar da ake duba takardu, wani jami'i mai fara'a ya tambayi sana'armu. Muka haɗa baki muka ce matuƙan jirgin sama. Ya dubi lakar da ke ɗiga daga wandon Kolonel, ya dubi jakar da ke kaina, ya ce cikin ladabi, "To ina jirgin?"

Kolonel ya ce, "Ni ne matuƙi, ɗana. Wannan mai sussukar iska ne."

Nan bawan Allah ya yi kuskuren rayuwarsa, ya ce a cikin biyun wanne ya fi wuyar tuƙi. Na ce jirginsu ko an sake shi tafiyarsa yake yi, matuƙi na cin gyaɗa, namu kuwa in ka saki sanda don ka sosa hanci sai dai a tara mutane. Kolonel ya ce wannan ai ba yabo ba ne, sheda ce a kan cewa Allah bai nufi abin da tashi ba. Layi ya yi tsawo a bayanmu, masu albasa suka fara gunaguni da Zabarmanci. Jami'in ya buga mana hatimi da sauri, ya ce Allah Ya kiyaye hanya, da muryar wanda ke roƙa wa kansa.

Motar Faraku tsohuwa ce, kayan da ke kanta sun fi ta tsawo. Kolonel ya ce shi gaba zai zauna, mutum kamarsa ba ya zama baya. Aka cusa mu ni da shi a kujera ɗaya, shi a bakin ƙofa. Sai da muka fita gari na raɗa masa cewa a jirginsu babban matuƙi hagu yake zama, a namu ne yake zama dama.

Na ce, "Barka da zuwa kujerarmu."

Ya so a tsaya a sake zama. Direba ya yi kamar ba ya jin Hausa.

Kafin Kandi inji ya yi tari ya mutu, a tsakiyar gonakin auduga. Direba ya fita ya buɗe gaba. Mu kuwa abin nema ya samu.

Kolonel ya ce, "Ka ga, mu in haka ta faru a sama, sai mu shimfiɗa fiffike mu yi ta lilo har mu zaɓi wurin sauka. Naku kuwa turmi ne aka sako daga kan rumbu."

Na ce, "Ku yi ta lilo kuna neman fili mai tsawon gari guda, har ku ƙare a kan kuka. Mu farfela na juyawa da kanta, mu sauka a gonar wake, mu ba mai gona haƙuri."

A bayanmu akwai wata ƴar kasuwa mutuniyar Kandi, ana ce mata Maman Safi, da kwandon kaji a cinya. Tun Malanbil take jin mu. Ta leƙo tsakanin kawunanmu ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Ku masu tashi sama, kun gama? To sauka, tura."

Muka sauka muka tura. Kolonel ya dafa mota da hannu ɗaya yana ba da umarni, da ta tashi kuma ya ce dabararsa ce.

A wani gari bayan Kandi muka tsaya salla da cin abinci. Nan na ga abin da ban saba ba. Dattawa biyu suka haɗu a bakin hanya, kowa ya rusuna har ƙasa, suna amsa wa juna da ƙaramar murya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara miƙewa. Mu a Gaya daga kan babur muke jefa gaisuwa, amsar ta same mu a kwana ta gaba. Mata kuwa su ke tuƙa baburansu, da goyo a baya, da kwano a ka, ba mai ko waiwayensu. Kolonel ya yi ta tambayata, "Mene ne wannan ƙarar? Su wa ke dariya?" Ina ba shi labari. Sai a nan na gane cewa abin ya wuce yadda muke zato a gida.

Aka kawo sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, cukun Fulanin can, mai jan baya da taushin ciki. Ya ɗauka nama ne, ya tauna ya tauna, ya ce shanun ƙasar nan ba su da ƙashi. Na yi dariya, amma ina kallon yatsunsa suna lalube a kan tebur suna neman kwanon miya. Na tura masa shi a hankali yadda ba zai ji ba. Ya ji.

Ya ce, "Hamidu."

Na ɗago, don rabon da ya kira ni da sunana har na manta.

Ya ce, "In ba a dace ba, kada ka gaya wa yayarka a salula. Ka bari mu isa gida, in gaya mata da bakina."

Na ce, "Za a dace, in Allah Ya so."

Ya ce, "Ku dama da fatan alheri kuke tashi. Miƙo ruwa."

A Faraku mun sauka a zango, gidan Alhaji Garba, mutumin Yelu da ya daɗe a can yana fataucin doya. Ya karɓe mu kamar mun zo da ruwan sama. Ya ba mu ɗaki mai fanka a rufi. Kolonel na jin ta kunna ya nuna sama da yatsa ya ce, "Ga jirginka can, hau ka kewaya gari ka dawo."

Bayan la'asar Alhaji Garba ya tara maƙwabta su ga mutanen sama. Wani ya tambaya ko daga can ana hango Makka. Wani ya ce ko gaskiya ne gajimare na da wari. Wani tsoho mai sayar da goro, wanda rufe gada ya raba da ƴarsa da ke aure a Gaya, ya ce shi tambayarsa ɗaya: daga sama ana ganin iyakar nan? Ni da Kolonel muka ce a'a, kogi kawai ake gani, da gonaki a gefe da gefe. Wannan ne karo na farko da muka yarda da juna a gaban shaidu, abin har ya ba mu kunya. Kolonel ya yi maza ya ce ni ba zan sani ba, tunda ba ma wuce tsawon rimi.

Da safe kuma aka sake kawo sakwara. Mutanen nan da ita suke karyawa, mu da muka saba da koko da ƙosai. Na ci na ji kamar an ɗaura mini dutsen niƙa a ciki.

A asibiti muka tarar da layin tsofaffi, kowa da mai jan sa, yawanci ƴaƴa mata. Ni kaɗai ne jagora mai furfura. Lokotoron da ta duba shi mace ce, ba ta kai babbar ƴarsa ba. Ta haska masa fitila, ta ce za a fara da idon dama, na hagu sai wani zuwa. Kolonel ya gyara zama ya yi mata tambayar da matuƙa ke yi wa juna.

Ya ce, "Ƴata, awa nawa kika yi a kan wannan aikin?"

Ta ce, "Tun safe, Baba."

Ban san ko ba ta gane ba ne ko kuwa ta gane sarai. Ta ci gaba da bayani: ba za a sa shi barci ba, idon kawai za a kashe. Zai ga fitila a samansa, zai ji duk abin da ake faɗa. Abu ɗaya ake so daga gare shi, kada ya motsa kai ko kaɗan.

Ranar aikin, muna zaune ana jiran a kira shi, ya ce zai kama ruwa, ya san hanya, kada in bi shi. Shiru, shiru. Na tashi na duba, ba ya nan. Can na hango shi a bakin ƙofar asibiti, ya bi bango da hannu har ya fita, yana ɗaga wa duk abin da ya yi ƙara hannu, wai mai babur yake tsayarwa. Na je na tsaya a gefensa.

Na ce, "Ina zuwa, Kolonel?"

Ya ce, "Gida."

Na ce, "Gida yana bayanka. Nan hanyar Kwatano ce."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ban taɓa zama fasinja ba, Hamidu. Ko a jirgin Makka ƙafata na ta neman feda a ƙarƙashin kujera. Yanzu in kwanta ido buɗe, yarinya ta sa mini wuƙa, a ce kada in motsa? In na motsa fa? Ɗan hasken da ya rage, da shi nake gane safiya."

Wa'azi ba nawa ba ne, lallashi kuma zai ɗauke shi zagi. Sai na koma ga abin da na iya.

Na ce, "Ba laifinka ba ne. Duk rayuwarka ba ka taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Ku in kun tsaya kun faɗo. Tsayawa cik a sama aikinmu ne, ba a koya muku ba."

Ya yi tsaki. Babura suka yi ta wucewa. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "To yaya kuke yi?"

Na ce, "Ka zaɓi abu ɗaya a gabanka ka kafa masa ido, kada ka nemi ƙasa. Ta ce akwai fitila, to ita ce taka. Ka saki kafaɗa. Hannu kada ya matse, kamar ƙwai ka riƙe. In ka ji za ka zame, kada ka yi kokawa, wanda ya yi kokawa shi ke kifewa. Ka fitar da numfashi a hankali, ka koma kan fitilarka."

Ya ce, "Shi ke nan duk ilimin naku?"

Na ce, "Shi ke nan."

Ya ce, "Shi ya sa ake ɗaukar kowa." Ya lalubo kafaɗata, muka koma ciki.

Na yi zaman jira iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa yin mai nauyin wannan ba. Na ja carbi har na rasa inda na tsaya. Yaya ta kira, na ƙi ɗauka. Da aka fito da shi da bandeji a rabin fuska, lokotoro ta ce mini ta daɗe ba ta ga wanda ya kwanta cik kamar Baba ba, ko gira bai ɗaga ba. Kolonel, daga kan keken marasa lafiya, ya ce, "Tarbiyyar masu fiffike ce, ƴata."

Washegari aka cire bandejin. Ya yi ta ƙifta ido, ruwa na zuba. Ya ɗaga tafin hannunsa ya juya shi gaba da baya, kamar wanda aka ba aron na wani. Ya dubi taga, ya dubi lokotoro, ya ce mata Allah Ya yi mata albarka, da wata murya da ban san yana da ita ba. Sannan ya juyo gare ni ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Subhanallahi. Ashe haka ka tsufa?"

Na fita waje na kira Yaya. Guɗarta sai da ta sa na nisanta salula daga kunne.

Dawowa ta fi tafiya wuya, don yanzu yana gani. Ya ga direba na wuce kamiyo a kan kwana, ya ga hulata ta koɗe, ya ga allon kowane gari ya karanta shi da ƙarfi don kowa ya amfana. An ce ya riƙa sa tabarau saboda rana da ƙura, kuma kada ya yi ta kalle-kalle. Na farkon kawai ya ji.

Muna tsakiyar kogi, Gaya na gabanmu, sai na ji wani sauti daga yamma, can ƙasa-ƙasa, wanda ko a kabari zan gane shi. Ina ta laluben sama ban same shi ba, sai Kolonel ya ɗaga hannu ya ce, "Ga shi can." Ya riga ni gani. Jirgi mai saukar ungulu ne, yana bin kogi a hankali, ba mu san na wa ba ne, ba mu san inda za shi ba.

Kolonel ya cire tabarau. Na ce lokotoro ta hana. Bai ko ji ni ba. Ya ɗaga kai, baki a ɗan buɗe, yana bin sa da sabon idonsa, jirgin ya zo ta kanmu har ruwa ya ɗauki rawar ƙararsa. Hawaye ya gangaro masa ta dama. An dai ce idon zai yi ta ruwa kwana biyu. Amma na hagun ma, da ba a taɓa ba, yana yi.

Ya ce, "Na daɗe ina roƙon Allah, kowace salla, Ya sake nuna mini jirgi a sama kafin in mutu."

Na ce, "To ga shi Ya amsa."

Ya ce, "Ya amsa. Laifina ne, ban faɗi iri ba."

Bai sauke kansa ba sai da jirgin ya ɓace a bayan giginyu.